Shin kamfanin keke na rasa kamanninsa idan ya sauya ƙirar da aka san shi da ita?

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar sufuri ta sa jama'a da dama sun sake waiwayar keke. A Minna, babban birnin Jihar Neja, nau'i biyu ne ido ya fi cin karo da su. Akwai baƙin keken nan na da, mai birkin sanda da kariya, wanda manoma ke ɗaure wa doya da itace daga ƙauyukan gefen Bosso da Chanchaga. Akwai kuma keken hawan dutse mai giya da kaurin taya, galibinsa gwanjo daga ƙasashen waje, wanda matasa suka fi so. Abin da kan ɗaure wa dattijo kai shi ne ya ga sunan Raleigh a jikin na biyun, alhali a iya saninsa Raleigh na farkon ne.

An kafa Raleigh a birnin Nottingham na Ingila a ƙarshen shekarun 1880, kuma ya yi suna da keken da aka ƙera da ƙarfe zalla, da tambarin kan zalɓe a goshinsa. Kasuwarsa ta bunƙasa a Najeriya har ya buɗe masana'anta a Kano, aka kuma yi zamanin da mallakarsa alama ce ta rufin asiri ga malamin makaranta ko ma'aikacin En'e. Da keken hawan dutse ya mamaye kasuwannin Turai a shekarun 1980, kamfanin ya bi yayi. A 2002 ya daina haɗa keke a Nottingham, aikin ya koma ƙasashen Asiya, sannan a 2012 kamfanin Accell na ƙasar Holan ya saye shi.

Sunan na nan, zalɓen ma na nan, amma siffar ta yi ƙaura. Kamfanoni irin su Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, waɗanda tun farko suka ɗauki samfurin keken Ingila, su ne suka ci gaba da ƙera shi a farashi mai sauƙi. Manomin da ke neman keken da zai ɗauki buhun masara ya bi siffar ya bar sunan, domin ita ce ke yi masa aiki, ita ce kuma mai gyara na bakin kasuwa ya san ciki da wajenta. A wannan kasuwa dai Raleigh ya yi asarar wani abu da tambari bai isa ya riƙe masa ba.

A duniyar keken hawan dutse kuwa, muhawarar ta fi zafi, domin kusan kowane babban kamfani na da wata alama ta ƙira da yake tinƙaho da ita. Kamfanin GT na Amurka ya shahara da firam mai siffar alwatika uku: sandunan da suka taso daga tayar baya sukan wuce sandar sirdi su haɗe da ta sama, ta yadda ko an goge fenti ana gane kekensa daga nesa. Shi kuwa Santa Cruz na jihar Kalifoniya ya shafe fiye da shekara 20 yana amfani da wani tsari mai suna VPP, inda wasu gajerun mahaɗai biyu ke juyawa su ba tayar baya damar shanye gargada. A 2024 ya fitar da keken lantarki mai suna Vala ba tare da wannan tsari ba, abin da ya tayar da ƙura a tsakanin masoyansa. Hujjar kamfanin ta injiniyanci ce: injin lantarkin ya cinye gurbin da ke kusa da feda, inda mahaɗin ƙasa ke zama, don haka tsohon tsarin ba zai ba da tafiyar da ake so ba.

Hujja ce mai ƙarfi, domin abin da ya sa aka ƙirƙiro VPP tun asali shi ne daɗin tafiya a kan duwatsu. Kamfanin da ya nace wa siffa bayan ta daina biyan buƙatar da ta haife ta, ado kawai yake sayarwa. Misalin Specialized ya ƙara fito da wannan fili. Kekensa Stumpjumper, wanda ya fito a 1981 yana cikin na farko da aka ƙera da yawa domin hawan dutse, ya tashi daga ƙarfe zuwa alminiyam da kabon, tayarsa ta girma daga inci 26 zuwa 29, an ƙara masa sifirin gaba da baya. Kusan babu abin da ya rage na asalinsa sai suna, duk da haka ba a ce ya ɓata ba, saboda kowane sauyi ya zo ne domin mahayin da aka yi keken dominsa tun farko. GT kuma, da ya riƙe alwatikansa a kekuna da yawa, bai tsira ba: ya sha sauya iyayen gida, kuma a ƙarshen 2024 aka sanar da dakatar da fitar da sababbin kekunansa.

Bambancin Raleigh da Stumpjumper ke nan. Na biyun ya sauya ne tare da masu hawansa, na farkon kuwa ya juya ga wasu masu saye daban ya bar na da a hannun wasu.

Doka ma ta ɗauki ƙira a matsayin abu mai wa'adi. A Najeriya, dokar 1970 kan haƙƙin ƙirƙira da zane ta ba sabuwar fasaha kariyar shekara 20, siffar kaya kuma shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu. Bayan nan kowa na iya kwaikwaya. Alamar kasuwanci ce kaɗai ake iya sabuntawa ba iyaka, shekara 7 da farko, sannan 14 a kowane karo.

Ga mai sayen gwanjo a Minna, wannan na nufin suna a jikin firam ba ya bayyana zamanin keke ko ingancinsa, balle ma sitika abu ne da kowa ke iya mannawa. Lambar da aka buga a ƙarƙashin firam, wajen da feda ke juyawa, ta fi zama shaida. Girman taya ma abin dubawa ne: mai inci 26, wanda kamfanonin Turai da Amurka suka ja baya da shi, shi ne aka fi samun tayarsa da tub a wajen masu gyara, yayin da sabon yayi mai inci 29 ko birkin mai kan iya yin makonni a jingine ana jiran kayan gyara daga Abuja ko Legas.