Yadda Ake Haɗa Tsofaffin Waƙoƙi a Memori Domin Iyaye da Abokansu na Ƙuruciya

Gidaje da yawa a Dala, daga Gwammaja zuwa Ƙofar Mazugal da Yalwa, ba a rasa kwalin kaset-kaset da aka tura ƙarƙashin gado ko saman sif. Masu su yanzu sun zama iyaye da kakanni, rediyon da ke cin kaset ɗin kuma ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa idan an tashi taron tsofaffin ɗalibai, ko walimar ritaya, ko bikin wani daga cikin 'yan majalisar Baba, matashin gida ake kira a ce ya zuba waƙoƙin da a memori.

Yawanci abin da ake yi shi ne a je shagon masu turi a cika memori da waƙa dubu. Dattijo ya saka a rediyo, ya yi ta dannawa bai ci karo da wadda yake nema ba, ƙarshe ya jefa shi a durowa. Haɗin da ake saurara har ƙarshe shi ne wanda aka zaɓa da natsuwa, aka jera shi, aka kuma gwada shi a na'urar da mai shi yake da ita.

Al'adar ba sabuwa ba ce

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma shi ne ya ba talaka damar ɗaukar waƙa da kansa. A Turai da Amurka samari sun riƙa haɗa wa abokansu waƙoƙin The Beatles da Queen da Dire Straits a kaset guda. A Kano ma haka aka yi, sai dai da namu waƙoƙin: kalangun Mamman Shata, kuntigin Ɗan Maraya Jos, gurmin Haruna Uje, kukumar Garba Supa, ƙwaryar Barmani Choge, da waƙoƙin fada na Musa Ɗanƙwairo. A gefe guda ga na Indiya, irin su Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar, waɗanda aka fara ji a silima. 'Yan boko kuma suna da Bob Marley da Don Williams da ABBA. Kasuwar Ƙofar Wambai ta yi suna a matsayin cibiyar kwafe kaset da rarraba shi zuwa garuruwan Arewa har da ƙetare, wasu kuma sukan dafe rediyo lokacin shirin Zaɓi Sonka, yatsa a kan maɓallin ɗauka.

Kaset yana da iyaka. C60 minti 30 yake ɗauka a kowane gefe, C90 kuma minti 45. Wannan ƙarancin wuri ne ya tilasta wa mutanen da yin zaɓi, kuma shi ne darasin farko ga mai memorin 32GB.

Mataki na 1: A tambaya kafin a zaɓa

Waƙar da mutum ya ji yana saurayi ko budurwa ita ta fi zama a ransa. Wanda aka haifa a 1960 ya yi samartakarsa daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, don haka a nan ya kamata a nema. Amma lissafi kaɗai bai isa ba. A zauna da mai abin a tambaye shi: wace waƙa aka saka a bikinsa? Wacce direban motarsu ta makaranta yake yawan sakawa? Wane fim suka fi shiga gani? Idan kyautar ta ba-zata ce, Umma ko wani amininsa za su iya bayarwa.

Waƙa 15 zuwa 25 ta isa haɗi ɗaya. A tuna cewa waƙoƙin gargajiya suna da tsawo, wata takan haura minti 15, don haka tsawon lokaci za a duba, ba adadi ba. Awa ɗaya da rabi ma'auni ne mai kyau.

Mataki na 2: A fara da kaset ɗin gida

Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Shahararrun waƙoƙinsu suna nan a YouTube da Audiomack. Amma waɗannan mawaƙa sun yi wasa a bukukuwa da gidajen iyayen gidansu ba adadi, kuma sau da yawa wani ne kawai ya ajiye rikoda a gefe ya ɗauka. Irin wannan kaset zai iya zama shi kaɗai ya rage. Idan ya lalace, shi ke nan an rasa. Zafi da ƙura da danshin damina kullum cin zaren suke yi, saboda haka shi ya kamata a fara ceto.

Kafin a saka shi a rediyo:

- A ɓalle 'yan ƙananan haƙoran roba biyu da ke saman kaset ɗin. Idan babu su, rediyo ba zai iya ɗaukar wani abu a kai ba ko an danna maɓallin bisa kuskure.
- A zura biro a ramin a juya a hankali, a tabbatar zaren bai manne ba.
- A goge kan ƙarfen da zare ke gogawa, da 'yar tayar robar da ke jan sa, da auduga da ɗan sipirit, a bari ya bushe.
- A fara gwada rediyon da kaset marar muhimmanci, don tsohon rediyo yakan tauna zare.

Mataki na 3: Daga kaset zuwa fayil

Kara waya a bakin sifika ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ce mafi muni, domin ƙarar janareto da hon ɗin adaidaita duk za su shiga. Abin da ya fi shi ne a haɗa kebul daga ramin iyafis na rediyo zuwa ramin shigar sauti na kwamfuta, a ɗauka da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai cin kaset da ake jonawa ta USB, ana iya tambayarta a wajen masu kayan waya na Farm Centre ko titin Beirut, ko a yi odarta ta intanet.

Ɗaukar tana cin lokaci daidai tsawon kaset ɗin: C90 awa ɗaya da rabi ne cur. A lura da ma'aunin sauti kada ya riƙa taɓa ja, don sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Audacity tana iya rage shuuu ɗin kaset, amma a taɓa kaɗan. Idan aka matsa, kaifin kalangu da muryar 'yan amshi sukan tafi tare da shi.

A fara ajiye asalin a matsayin WAV, wanda ke cin kusan 10MB a minti, wato kusan 900MB ga C90 guda. Daga shi sai a yanka waƙa-waƙa a fitar da MP3. A ma'aunin 128kbps, minti ɗaya kusan 1MB ne, kuma ga sautin kaset wannan ko 192kbps ya wadatar. Mayar da fayil mai rauni zuwa 320kbps ba ya ƙara masa kyau, wuri kawai yake ci.

Mataki na 4: Suna, jeri da ƙarfin sauti

Fayil mai suna “AUD-WA0034” ba ya gaya wa kowa komai. A rubuta lamba, sai mawaƙi, sai waƙa, misali: 01 Ɗan Maraya Jos, Karen Mota. A fara da 01, 02, ba 1, 2 ba, in ba haka ba wasu na'urori za su kawo ta 10 kafin ta 2. Idan rediyon ba ya nuna ɗ da ƙ da ɓ, sai a yi amfani da d da k da b. Manhajar Mp3tag tana gyara bayanan da ke cikin fayil ɗin kansa, inda masu turi kan cusa sunan shagonsu.

A kuma yi hattara da sunayen intanet. Waƙoƙin da yawa suna yawo da sunan wanda ba shi ya yi su ba. Dattijon da ya san muryoyin zai warware wannan cikin daƙiƙa biyar, kuma abin da ya faɗa game da wanda aka yi wa waƙar da inda aka yi ta ya cancanci a rubuta.

Wajen jeri, a buɗe da wadda duk 'yan majalisar suka sani, a sa dogaye a tsakiya. Na Hausa da na Indiya da na Turanci kowanne ya samu foldarsa. Tun da waƙoƙin daga wurare daban-daban suka fito, wata za ta yi ƙara wata ta yi ƙasa. MP3Gain tana daidaita su, don kada a riƙa tashi ana murɗa rediyo.

Mataki na 5: Memorin da zai yi aiki

Ƙananan rediyoyi masu caji da na mota galibi tsarin FAT32 suke karantawa. Memori mai 64GB zuwa sama yana zuwa ne da exFAT, wanda da yawansu ba sa gani. Mai 8GB ya isa, domin yana ɗaukar sama da awa 120 a 128kbps. MP3 kawai za a zuba, saboda M4A da Opus ba kowace na'ura ke buɗe su ba. Wasu rediyoyin kuma ba sa bin lamba, suna bin yadda aka kwafe fayilolin ne, don haka a goge memorin tas, a zuba su bi da bi.

Jabun memori ya yi yawa a kasuwa: a jiki an rubuta 32GB, amma da an wuce ɗan abin da yake iya ɗauka sai fayiloli su fara lalacewa. Manhajar H2testw ta kwamfuta tana tona asirinsa. Daga ƙarshe a gwada haɗin a ainihin rediyon da za a saurara da shi kafin ranar taro.

Ga abokan da ke Abuja ko Maraɗi ko Makka, a tura ta WhatsApp a matsayin takarda, wato ta wajen da ake tura PDF. Ta nan sunan fayil ba ya canzawa, kuma ana iya tura har 2GB.

Ajiya da haƙƙin masu waƙa

Memori yakan mutu ba sallama. A ajiye kwafi a kwamfuta, wani kuma a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta. Kaset ɗin ma kada a zubar, a mayar da shi gidansa a wuri mai sanyi, nesa da sifika, don maganaɗisun cikinta yana goge sauti.

Rasuwar mawaƙi ba ta mayar da waƙarsa ta kowa ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, kariyar waƙa tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma magada suna nan. Ceto kaset ɗin gida domin iyaye da aminansu daban, buga shi ana sayarwa ko ɗora shi a YouTube don neman kuɗi daban.

Abu na ƙarshe takarda ce. A rubuta jerin waƙoƙin da manyan baƙaƙe, da lambar kowacce, a naɗe memorin a ciki. Mai karɓa zai san cewa ta 7 ce waƙar bikinsa, ya danna kai tsaye ba sai ya kira kowa ba.