Dashen Zugazugin Inji: Ɗora Sufacajar Mini Cooper S a Kan Injin Mazda MX-5

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin abin da ke faruwa idan aka ciro na'urar cusa iska daga wata mota aka dasa ta a injin ƙaramar motar gudu. An ɗauki misalin dashen da ya shahara tsakanin masu sha'awar gyaran mota a Ingila da Amurka, wato ɗora na'urar Eaton M45 ta Mini Cooper S a kan injin Mazda MX-5. An nuna cewa na'urar iska kaɗai take kawowa, sauran tanade-tanaden da suka sa ta zauna lafiya a motarta ta asali kuwa sai mai dashen ya sake samar da su.

1.0 Gabatarwa

Ƙarfin injin fetur ya dogara ne a kan yawan iskar da yake shaƙa, domin mai ba ya ƙonewa sai da iska. Kowane giram ɗaya na fetur yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, ƙara iska ne aiki. Na'urar da ake kira sufacaja famfon iska ce wadda bel ke juyawa daga karanshaf, tana tura wa silinda iskar da ta fi wadda fistin zai iya zuƙowa da kansa.

A wannan maƙala an kira na'urar da sunan zugazugin inji, kuma tarihinta ya goyi bayan wannan suna. Samfurin da ake magana a kansa ya samo asali ne daga 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, waɗanda suka yi rajistar ƙirƙirarsu a 1860. Daga cikin ayyukanta na farko akwai hura wutar tanderun narka ƙarfe, aikin da zugazugi ke yi a maƙera. Sai daga baya ta shiga mota.

2.0 Motocin Biyu

Kamfanin Mazda na Japan ya fito da MX-5 a 1989. Mota ce mai kujera biyu, marar nauyi, injinta na gaba yana juya ƙafafun baya. Samfurin farko yana da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki kusan 115. Direbobi sun yaba da yadda take shan kwana, amma da yawa sun ga ƙarfin ya yi mata kaɗan.

Ita kuwa Mini Cooper S da kamfanin BMW ya ƙera daga 2002 zuwa 2006, injinta ma lita 1.6 ne, sai dai an haɗa shi da zugazugin Eaton M45 tun daga masana'anta, yana ba da ƙarfin doki 163, daga baya 170. Da motocin suka tsufa, zugazugansu suka yawaita a kasuwar kayan gwanjo. Girman injinan biyu ya zo ɗaya, farashin na gwanjo bai kai na sabon kayan haɗi ba ko kusa, don haka dashen ya samu karɓuwa.

3.0 Lissafin Iska

Zugazugin Roots ba ya matse iska a cikinsa. Yana da dunƙulen ƙarfe biyu masu kunnuwa da ke juyawa a sarƙe da juna, suna ɗibar iska daga mashiga suna juye ta a mafita, tamkar mai awon hatsi da mudu. Lambar 45 da ke sunan na'urar ita ce girman mudun: inci 45 na murabba'in ciki, kimanin lita 0.75 a kowane juyi. Matsin yana samuwa ne a bututun da ke gaba, saboda iskar da ake juyewa ta fi wadda inji ke iya haɗiyewa.

Daga nan lissafin ya fito fili. Inji mai bugu huɗu yana cika silindojinsa sau ɗaya ne a juyi biyu, don haka mai lita 1.6 yana shaƙar lita 0.8 a kowane juyi. Idan fulin karanshaf ya ninka na zugazugi sau 1.6 a faɗi, zugazugin zai kawo lita 1.2, wato ƙarin rabi a kan abin da injin ya saba sha. Idan ninkin ya kai 2, zai kawo lita 1.5. Wannan a takarda ke nan. A zahiri wata iskar tana sulalewa baya ta tsakanin kunnuwan, musamman idan inji na tafiya a hankali. Haka kuma idan aka ɗora na'urar a kan injin MX-5 mai lita 1.8 da fuli iri ɗaya, matsin zai ragu, domin cikin da ake ciyarwa ya fi girma.

Rage faɗin fulin zugazugi ita ce hanya mafi sauƙi ta ƙara matsi, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami. Injin MX-5 yana kaiwa juyi kusan 7,000 a minti. Da ninki 2, zugazugin yana juyi 14,000 ke nan, ya kusanci iyakar da aka ƙera shi a kanta. Bayan wannan iyaka, abin da ke ƙaruwa zafi ne fiye da iska.

Batun zafin ya cancanci a tsaya a kansa. Iskar da ta shigo da zafin digiri 27, idan aka ƙara mata matsin rabin ba, ko da na'ura marar aibu ce za ta ƙaru da digiri 37. Zugazugin Roots irin wannan ingancinsa bai cika wuce kashi 60 cikin ɗari ba, don haka ƙarin yakan kai digiri 60. Iska mai zafi tana buɗewa, nauyinta a kowace lita ya ragu. Agogon matsi zai nuna ƙarin kashi 50, alhali nauyin iskar da ta shiga silinda bai ƙaru da fiye da kashi 25 ba. Ragowar abin da allurar ke nunawa zafi ne kawai. Wannan ne ya sa idan aka sanya na'urar sanyaya iska tsakanin zugazugi da inji, allurar takan sauka, ƙarfin motar kuma bai ragu ba, sau da yawa ma ƙaruwa yake yi. Auna nasarar dashe da agogon matsi kuskure ne, duk da yawan masu yin haka.

4.0 Abin da Zugazugin Ya Baro a Gida

Injiniyoyin Mini sun gina injin ne da sanin za a cusa masa iska. Ma'aunin matsewar fistinsa 8.3 ne a kan 1, yana da na'urar sanyaya iska a samansa, kwamfutarsa kuma ta san matsi. Injin MX-5 mai lita 1.6 yana matsewa 9.4 a kan 1, kwamfutarsa ba ta san wani matsi sama da na sararin samaniya ba. Idan iska mai zafi ta haɗu da matsewa mai yawa, cakuɗen mai da iska yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama ratsa shi. Wannan fashewa, wadda ake jin ta kamar ƙarar tsakuwa a gwangwani, tana iya karya gefen fistin ko ta ƙona gaskit cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Maganinta biyu ne: ƙarin mai da jinkirta tartsatsin fulogi. A ƙarƙashin matsi ana son cakuɗen ya sauko zuwa wajen 12 a kan 1, domin rarar man tana sanyaya silinda. A da, ana amfani da na'urar da ke ɗaga matsin fetur gwargwadon matsin iska, a kuma ja da tayimin baya da hannu, abin da ke kashe wa motar kuzari a ƙaramin gudu. Hanyar da ta fi inganci ita ce sauya kwamfutar da wadda ake iya tsarawa, irin su MegaSquirt, da manyan nozul, da ma'aunin iskar salansa mai nuna ainihin cakuɗen. A nan arhar kayan gwanjo take fara zama tsada. Abin da ke taimaka wa injin Mazda shi ne asalinsa: danginsa ɗaya da injin 323 mai tabo, ya kuma gaji bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin.

5.0 Ɗauri da Bel

Injin Mini a gicciye yake, na MX-5 a miƙe, don haka babu ramin kusa ko ɗaya da ya dace. Galibi ana ƙera mariƙin ƙarfe a ɗaura zugazugin a ɓangaren salansa, inda akwai fili amma akwai zafi, a yi waldar sababbin bakunan shiga da fita. A bayan M45 na Mini akwai ƙananan giyoyi da ke juya famfon ruwan motar. MX-5 ba ta bukatar su, sai a cire a toshe gurbin.

Dole fulin biyu su daidaita a layi ɗaya, kaucewar milimita kaɗan tana cinye bel. Na Mini mai layi shida ne, na MX-5 mai huɗu, shi ya sa santsin bel ya zama ruwan dare a wannan dashe. Ɗaure shi da ƙarfi kuma yana da nasa haɗari: injinan 1989 zuwa tsakiyar 1991 suna da gajeren hancin karanshaf wanda aka san shi da lalacewa a gurbin makullin fuli.

Sai matsayin totur. Idan aka sa shi kafin zugazugi, duk bututun da ke bayansa, har da na'urar sanyayawa, sun zama babban ɗaki da sai an kwashe iskarsa kafin inji ya amsa, motar takan yi jinkirin sauka ko ta mutu a tsaye. Idan aka bar shi a bayan zugazugi, iskar takan rasa mafita a duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa, ga ƙara mai tsanani. Wasu kan sa totur biyu da ke buɗewa tare. Ko wanne aka zaɓa, ana bukatar bawul ɗin kewaye mai mayar da iska mashiga yayin da ba a bukatar matsi, domin in babu shi zugazugin zai ci gaba da cin ƙarfin inji da dumama iska ko da motar na tafiyar hankali a cikin gari.