Mutum nawa ne a cikin jirgin? Yadda ake ƙirga fasinjojin ruwa, daga kogin Mpoko zuwa manyan tekuna

Ranar Juma'a 19 ga Afrilun 2024, wani jirgin katako irin wanda ake kira baleinière ya tashi daga gaɓar kogin Mpoko a gefen Bangui, ɗauke da masu zuwa jana'izar wani sarkin ƙauye. Bai yi nisa da gaɓa ba ya karye ya nutse. Masunta da masu haƙar yashi ne suka fara kai ɗauki, 'yan acaba kuma suka riƙa kwasar waɗanda aka tsamo zuwa asibiti. Shugaban hukumar kare fararen hula, Thomas Djimasse, ya shaida wa Radio Guira cewa an fito da gawa 58, amma ya ce ba a san adadin waɗanda suka rage a ƙarƙashin ruwa ba. Shugaba Faustin-Archange Touadéra ya ayyana zaman makoki na kwana uku.

Adadin "sama da 300" da kafafen labarai suka yi ta maimaitawa daga bakin shaidu ya fito, wato ƙiyasin ido ne. Tsakanin 300 da 350 kuwa akwai mutum hamsin, kowanne da gidansu.

Ga 'yan kasuwar Titin Koudoukou da kewayen PK5 wannan ba labarin nesa ba ne. Yawancin kayan shaguna ta hanyar Douala da Garoua-Boulaï suke shigowa, amma kogin Ubangi shi ne hanyar Zongo da ke tsallake, da Mongoumba, da garuruwan da ke gangarawa har Brazzaville. Idan ruwa ya cika daga tsakiyar shekara, ana aika yaran shago da kaya, ana sayo kifi da rogo da manja. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa bakin ruwa ya san yadda ake shiga: ka biya, ka nemi wuri a kan buhu.

Abin da rashin ƙirge ke jawowa

Masu ceto suna buƙatar lamba kafin komai. Idan an san mutum 120 ne suka shiga, an tsamo 90 da rai, an ga gawa 20, to goma ake nema, kuma ba za a tashi daga bakin ruwa ba sai an san makomarsu. Idan babu lamba, ana daina nema ne ranar da gawarwaki suka daina tasowa.

Sai kuma iyali. Wanda aka ga gawarsa an yi masa sutura, an yi zaman makoki, an raba gado. Wanda ba a gani ba, gidansa na rataye. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin yankin nan ke bi, matar da mijinta ya ɓace ba labari tana kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma. Malamai sun sassauta a inda mutum ya ɓace cikin halin da galibi ba a tsira, amma sai an tabbatar cewa yana wurin. A ɓangaren kotun gwamnati ma haka abin yake a ƙasashen da suka gaji tsarin dokar Faransa: alƙali na iya yanke hukuncin mutuwar wanda ya ɓace cikin haɗari ko da ba a ga gawa ba, sai dai zai nemi hujjar cewa mutumin yana cikin jirgin. Layi ɗaya a takarda, da suna da kwanan wata, shi ne wannan hujjar.

Matsalar ba ta Bangui kaɗai ba ce. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse a kogin Neja kusa da Warra a jihar Kebbi, aka yi ta ba da alƙaluma mabambanta kan yawan waɗanda ke ciki. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. A irin wannan hali, gida-gida ake bi ana tambayar wa bai dawo ba.

Babban misali a Afirka shi ne jirgin Le Joola na Senegal, wanda ya kife a gaɓar tekun Gambiya daren 26 ga Satumban 2002 a kan hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar. An ƙera shi don ɗaukar ƙasa da mutum 600. Lissafin farko ya nuna mutum dubu da 'yan kai, amma ƙananan yara ba sa yankar tikiti, wasu an shigar da su alfarma, wasu kuma a tsibirin Carabane suka hau daga kwale-kwale ba tare da an rubuta su ba. Sai bayan watanni gwamnati ta tsaya a kan mutum 1,863 da suka rasu, 64 kacal suka tsira, kuma ƙungiyoyin iyalai sun ce adadin ya fi haka. A Filifin, jirgin Doña Paz da ya yi karo da wani jirgin dakon mai a Disambar 1987 yana da sunaye kimanin 1,500 a takarda. Waɗanda suka mutu sun haura 4,000.

Me doka ta ce?

Yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, ta samo asali ne bayan nutsewar Titanic a 1912. Wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce, ƙarƙashin Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya da ke Landan. An ƙara tsaurara ta bayan nutsewar jirgin Estonia a tekun Baltik a Satumban 1994, inda mutum 852 suka mutu. Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta. A ƙirga kowa kafin jirgi ya tashi. A rubuta suna da jinsi, a bambanta manya da yara da jarirai. A lura da masu buƙatar taimako na musamman idan an shiga haɗari. Sannan, kuma wannan ne ginshiƙin, a bar bayanan a tudu, inda masu ceto za su same su nan take. Takardar da ke aljihun matuƙi tare da shi za ta nutse.

Sai dai SOLAS ta jiragen teku ce masu tafiya tsakanin ƙasashe, ta ma fito fili ta cire jiragen katako na ƙirar gargajiya. Baleinière ba ta cikin lissafinta. Kogunan yankin nan suna ƙarƙashin dokokin ƙasa da kuma kundin zirga-zirgar ruwa na bai-ɗaya tsakanin ƙasashen CEMAC da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da hukumar CICOS da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Kinshasa. Dokoki a rubuce suna nan. Wanda zai tsaya a bakin gaɓa da biro kafin a ture jirgi shi ne ake rasawa.

Yadda manyan jiragen shaƙatawa ke yi

A can ɗaya ƙarshen akwai jiragen yawon shaƙatawa, waɗanda a gaskiya otal-otal ne masu yawo a teku. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata sama da 2,000. Gari guda ke nan, kuma yakan tsaya a tashoshi a kan hanya, dubban mutane su sauka yawo su dawo da yamma.

Kafin fasinja ya taka jirgi ana duba fasfonsa, a ɗauki hotonsa, a ba shi kati. Katin shi ne makullin ɗakinsa, shi ne jakar kuɗinsa a cikin jirgi, shi ne kuma shaidarsa a bakin ƙofa. Duk fita da shiga sai ya ɗora shi a na'ura, hotonsa ya bayyana a kwamfuta, mai gadi ya kalli fuska ya kalli hoto. Saboda haka a kowane lokaci ana iya sanin mutum nawa ke ciki, nawa ke gari. Idan lokacin tashi ya yi ana ganin sunayen waɗanda ba su dawo ba, a kira su ta lasifika ko da na'ura ce ta yi kuskure. Idan ba su amsa ba, galibi ana miƙa fasfonsu ga wakilin kamfani a tashar, jirgi ya kama hanya. Wasu kamfanoni sun maye gurbin katin da awarwaro ko 'yar lambar wuya da ke nuna sashen da mutum yake a cikin jirgin.

Akwai kuma atisayen taruwa: kowane fasinja yana da wurin da zai je idan an busa ƙararrawa, a can ake sake ƙirga su. A da ana ba da sa'a 24 bayan tashi kafin a yi shi. Ranar 13 ga Janairun 2012 Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya da mutum sama da 4,200 a ciki, sa'o'i kaɗan bayan ya tashi, alhali ɗaruruwan da suka hau a ranar ba su yi atisayen ba. Mutum 32 suka mutu. Daga nan aka mayar da atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi. Wani abin lura a wannan haɗarin: saboda akwai sunaye, an san su wa ake nema, aka ci gaba da neman mutum na ƙarshe har aka samu gawarsa a Nuwamban 2014, kusan shekara uku bayan haɗarin.

Duk da haka mutane na ɓacewa daga waɗannan jirage. Dalili shi ne kati ƙofa yake tsaro, bai san abin da ke faruwa a gefen jirgi ba. Wanda ya faɗa ruwa da ƙarfe ukun dare, a wurin kwamfuta yana ciki. Sau da yawa sai gari ya waye abokin ɗakinsa ya neme shi, a bincika jirgi, a duba inda ya yi amfani da katinsa na ƙarshe, a koma kan hotunan kyamarori. Kafin nan jirgin da ke gudun kusan kilomita 40 a sa'a ya yi nisan da juyawa ba ta cika amfani ba. Wani rahoto da aka yi wa ƙungiyar kamfanonin jiragen, CLIA, ya ƙirga faɗawa ruwa 212 tsakanin 2009 da 2019, an ceto mutum 48. Amurka ta yi doka a 2010 da ta tilasta katangar gefen jirgi ta kai tsayin kimanin santimita 107, ta kuma nemi a sa na'urorin ɗaukar hoto ko na gano wanda ya faɗa, gwargwadon samuwar fasahar. Wannan sharaɗin na ƙarshe ya bar ƙofa a buɗe, jirage da yawa suka tsaya a kyamara. Idan kuma abin ya faru a tsakiyar teku, ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta ce ke da alhakin bincike, sau da yawa Bahamas ko Panama ko Malta, ba ƙasar wanda ya ɓace ba.

Ko a nan ɗin ma dai an san wa ya ɓace, an san ɗakinsa, an san wanda za a kira.

Abin da ke hana rubutu a bakin kogi

Ba tsadar na'ura ba ce, domin littafi da biro sun isa. A tashoshin mota da dama a Najeriya akwai takardar da fasinja ke rubuta sunansa da lambar wani nasa kafin mota ta tashi, duk da cewa ba kowa ke cika ta da gaskiya ba.

Babban cikas shi ne takardar shaida ce a kan mai jirgi. Idan an yarje masa mutum 100 ya rubuta 250, ya kai ƙarar kansa. Idan ya rubuta 100 ya ɗauki 250, ragowar kuɗin ba ya cikin lissafin haraji. Jami'in da ya kamata ya ƙirga kuwa, idan yana da rabo a cikin ƙarin, ba zai ƙirga ba. Ga kuma fasinjojin da ke tarar jirgi a hanya da kwale-kwale, kamar yadda aka yi a Carabane, da goyon da ba wanda ke ɗauka a matsayin fasinja. Tafiyar jana'iza ko ta biki ta fi kowacce wuyar ƙirgawa, don babu tikiti balle a lissafa, kuma ba mai iya ce wa dangin mamaci wuri ya cika. Haɗarin Mpoko da na Patigi duk irin wannan tafiya ce.

Akwai wani dalili da mutanen PK5 suka fi kowa sani. Da yawa sun rasa takardunsu a rikicin 2013 da 2014, kuma wanda ya sha tambayoyi a shingen hanya saboda sunansa ba zai yi ɗokin miƙa sunan ga mai kaki a bakin ruwa ba. Duk tsarin da ya ce sai da katin ɗan ƙasa za a rubuta mutum, zai mayar da rabin fasinjoji masu shiga ta bayan fage, kuma zai zama sabuwar hanyar karɓar na goro. Takardar ceto ba ta buƙatar kati. Suna, unguwa, lambar wayar wani ɗan'uwa, da adadin yaran da ke tare da mutum sun wadatar, kuma ƙungiyar masu jirage ko ta 'yan kasuwa za ta iya riƙe ta.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun mai aike da wanda aka aika. Baleinière kusan duk suna da suna a rubuce a jiki. Matafiyi ya ɗauki hoton jirgin da sunansa ya tura gida ta WhatsApp tun yana gaɓa, ya faɗi tashar da ya hau, da lokacin tashi, da waɗanda suke tare, domin da an yi nisa da Bangui layin waya yakan ɗauke. Idan an sauya jirgi a hanya, a sake turawa a wurin farko da aka samu layi.