Ƙaurace wa Nama da Haƙƙin Kaza a Ma'aunin Fiƙihu

Ƙungiyar masu ƙaurace wa nama da aka kafa a Ingila a 1847 ta ginu ne a kan barin cin duk wani mai rai da aka kashe, dabba ce, tsuntsu ne ko kifi. Galibinsu suna shan madara, suna cin ƙwai. Waɗanda suka bar har waɗannan sun kafa tasu ƙungiyar a 1944. Saboda haka wanda ya bar jan nama amma yana cin kaza ba ya cikinsu.

Fuƙaha'u sun daɗe da tattauna iyakar kalmar nama. A babin riba, Malikiyya sun kasa shi jinsi uku: na masu ƙafa huɗu, na tsuntsaye, da na halittun ruwa. A babin rantsuwa kuma, Hanafiyya sun fitar da kifi daga cikinsa bisa al'ada. Kaza dai nama ce, kuma halaccinta tabbatacce ne, domin Abu Musa al-Ash'ari ya ga Annabi (SAW) yana cin ta, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Barin nama don lafiya ko rashin sha'awa babu laifi. Laifin yana cikin mayar da shi ibada, domin a hadisin Anas da ke cikin Muslim, Annabi (SAW) ya yi inkari ga sahabban da ɗayansu ya ƙuduri barin cin nama. Abul Ala al-Ma'arri, wanda ya rasu a 449 bayan Hijira, ya bar nama da madara da ƙwai da zuma, kuma an yi masa raddi tun yana raye.

Madadin nama na tsirrai, irin awarar waken suya, asalinsa halal ne, sai dai tambarin “babu nama” ba shaidar halal ba ce, tunda ana iya sa giya a haɗin. Naman da ake rainonsa daga ƙwayoyin halitta, wanda Singafo ta amince da sayar da na kaza a 2020, ya fi wuyar sha'ani: in daga dabba mai rai aka ɗebo ƙwayoyin, ƙa'idar cewa abin da aka yanke daga rayayyiya mushe ne za ta taso.

Inda bincikenmu ya yi ƙaranci shi ne rayuwar kazar kafin wuƙa. Ibn Umar ya tarar da samari sun ɗaure kaza suna harbinta, ya shaida musu cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai yin haka. A yau kajin nama na gidan gona sukan kai yanka cikin mako shida, a cunkushe, wasu ƙafafunsu ba sa ɗaukar nauyinsu. A masana'antar ƙwai kuwa, ana halaka 'yan tsaki maza ranar ƙyanƙyasa don ba sa yin ƙwai, abin da Jamus ta haramta daga 2022. Takardar shaidar halal galibi yanka take dubawa, ba kiwo ba, alhali hadisin Shaddad bn Aus ya wajabta kyautatawa a kan komai, yanka kuwa misali ne kawai a cikinsa.