Inshorar Gobara Ba Ta Biyan Ɓarnar Ambaliya

Duk shekara, da zarar hukumar NIHSA ta fitar da hasashenta na jihohin da ambaliya za ta iya shafa, sai magana iri ɗaya ta cika majalisu da tashoshin mota: idan ruwa ya ci gida, a dai tabbata an rubuta suna, gwamnati za ta biya. Wannan zance ya kwantar da mutane da yawa. Abin da NEMA da hukumomin agajin jihohi suka saba rabawa tallafi ne: shinkafa, tabarma, bargo, wani lokaci kwanon rufi da 'yan buhunan siminti. Ba a auna shi da abin da mutum ya rasa. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, daga Gwange har Kasuwar Monday, dubban ɗaruruwan mutane ne suka bar gidajensu a dare ɗaya. Wane asusun agaji ne zai gina wa kowa ɗakinsa?

Sai kuma 'yan tsirarun da suka yi inshora, waɗanda kuskurensu ya fi ba ni haushi. Mai shago ko mai gidan haya zai nuna maka takarda da hatimi, ya ce ai shi ya gama. Ka karanta, sai ka ga inshorar gobara ce zalla. Irin wannan takarda tana ɗaukar wuta da tsawa da fashewar tukunyar gas ta girki. Ambaliya da guguwa suna cikin wani rukuni na haɗura na musamman, wanda sai ka nema an rubuta maka shi, ka ƙara kuɗi a kai. Idan kalmar ambaliya ba ta cikin takardarka, ko ruwa ya kai taga, kamfani ba ya binka kome kuma ba ka bin sa. Haka nan inshorar gini daban take da ta kayan ciki. Ɗan haya da ya dogara da takardar mai gida, firjinsa da katifunsa ba su da mai ɗaukar nauyi.

Akwai wata ƙa'ida da dillalai ba su cika tsayawa su yi bayaninta ba. A ce sake gina gidanka zai ci naira miliyan 20, amma don ka rage kuɗin zubi ka rubuta miliyan 10. Ruwa ya yi ɓarnar miliyan 4. Kana tsammanin za a ba ka huɗun cif, tunda ba ta kai goma ba. Miliyan 2 za ka samu, ko ma ƙasa idan aka cire kason da yarjejeniya ta ɗora maka. Kamar adashi ne: wanda ya shiga da rabin hannu, rabi yake kwasa ranar ɗauka. Da yadda farashin siminti da rodi yake hawa, ƙimar da ka rubuta shekaru uku da suka wuce ta riga ta zama rabin hannu ba ka sani ba. Kuma dokar ƙasar nan a fili take, wanda bai biya kuɗin zubi ba ba shi da kariya, ko da takardar tana aljihunsa.

Masu ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas suna da takaful, wato inshorar Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013. Jaiz Takaful da Noor Takaful suna cikin masu lasisi. Manomin fadama kuwa hukumar inshorar noma ta NAIC ce ƙofarsa. Ko ina aka je, tambayar ba ta canzawa: ina aka rubuta ambaliya, kuma gini irin nawa, na ƙasa ko na bulo, yana ciki?

Shirin gida kuwa ba ya bukatar lasisi. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa, don haka a yi wa tushen bango daɓen siminti, a sa indararo ya zubar nesa da katanga. A ɗaga dokin ƙofa, a tanadi buhunan yashi tun kafin Agusta. Soket ɗin da ke dab da ƙasa a mayar da shi sama, kuma kowa a gidan ya san inda ake kashe wuta gaba ɗaya. Takardar fili, shaidar karatu da rasiɗai a naɗe su a leda a ajiye a sama, a ɗauki hotonsu da na ɗakuna a waya, domin da su ake kafa hujja wajen kamfani. Abin da aka fi mantawa shi ne masai. Idan ya cika ya haɗu da rijiya, amai da gudawa ne ke biyo bayan janyewar ruwa, saboda haka a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi.

Kwalbatin ƙofar gida fa? Mu muke cika ta da ledar ruwa, mu jira ƙaramar hukuma ta yashe, ita kuma tana jiran ruwa ya yi ɓarna a kafa kwamiti. Filayen da ke kan hanyar ruwa ma ba aljanu suka yanka su ba. Wasunsu da takarda da sa hannun ofis aka sayar da su.