Ɓarawon da ba ya tsallake shinge

A watan Satumba na shekara ta 2018, allunan da ke nuna lokacin tashin jirage a filin jirgin saman Biristol, ƙasar Ingila, suka mutu har kwana biyu. Ɓarayin intanet ne suka kulle kwamfutoci, suna neman kuɗin fansa. Ma'aikata suka koma rubutun hannu. A Satumba 2025 aka yi irin wannan ta'asa ga kamfanin da ke rajistar fasinja a Burusel, Balin da Landan, aka soke jirage da dama.

Sau da yawa ƙofar ɓarawon ita ce ma'aikaci: wasiƙar ƙarya ta zo masa da sunan shugabansa, ya buɗe. Tun 2019 hukumar OACI ta fitar da tsari kan wannan yaƙi, kuma horon ma'aikata na cikin ginshiƙansa. Ana koya musu ɓoye kalmar sirri, da kai rahoto nan take ba tare da jin kunya ba.

Maganar ta shafe mu. A Yamai makarantar EAMAC take, inda ASECNA ke horar da masu yi wa jirage jagora tun 1963.