Harshe, Hanci da Ido: Yadda Gwanaye Ke Auna Jar Giyar Inabi

A yankin Bordo na ƙasar Faransa akwai mutanen da sana'arsu ita ce ɗanɗana giyar inabi domin a yanke mata daraja. Gwani yakan kurɓi kaɗan, ya jujjuya a baki, ya tofar, sannan ya ce wannan nunanniya ce, mai kauri da bauri. Abin tambaya ga ɗalibin ilmin halittu shi ne, wace gaɓa ce ta ba shi wannan labari?

Harshe dai ɗanɗano biyar kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da daɗin romo, wanda Japanawa ke kira umami. Mafi yawan sauran aikin na hanci ne. Ƙanshi yakan bi ta bayan maƙogwaro ya hau kogon hanci, inda ɗan Adam ke da ƙwayoyin jin ƙanshi wajen iri 400. Dalili ke nan mai mura yake jin miya lami.

Inabin da ya nuna sosai sukarinsa yakan ƙaru, tsaminsa ya ragu. Yis kuma shi ke mayar da sukarin barasa, yawan barasar ne ke kawo nauyin da gwanin ya kira kauri.

Bauri ya fi ban sha'awa, domin ba ɗanɗano ba ne, jin taɓawa ne. Sinadarin tanin ke haddasa shi, wanda ke fitowa daga ɓawon inabi da 'ya'yan cikinsa, tunda tare da su ake tsima jar giya. Tanin yakan kama furotin ɗin da ke sa yawu santsi ya dunƙule shi, sai baki ya yi kaushi kamar ya bushe. Wanda ya tauna goro ko ya sha shayin da ya daɗe a wuta ya san wannan. Irin sinadarin ne kuma ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita.

Sai dai ido ma yana da ta cewa. A wani bincike da aka buga a 2001, Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu sun rina farar giya da jan launi marar ƙanshi, suka ba ɗalibai 54 masu nazarin giyar inabi a Jami'ar Bordo. Ɗaliban suka siffanta ƙanshinta da kalmomin da aka saba siffanta jar giya da su, alhali launi kaɗai aka sauya.